Ranar da Yelwa Ta Kira Ɗanta

Shekara goma sha bakwai Yelwa ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta ba. Abdulfatah ɗan fari ne, kuma a ƙauyensu da ke bayan Gagarawa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu ko ya ci ko bai ci ba. Matan yanzu da yawa sun sassauta, amma ban da Yelwa. Ita "wannan yaron" take cewa, ko "yayanki" in da ƙanwarsa Ummulkhair take magana. Mata kuwa sai yabo: Yelwa akwai kunya, Yelwa akwai kara. Yabon nan shi ya cuce ta, don son da take wa yaron nan Allah kaɗai ya san iyakarsa. In ta kwashe tuwo, babbar malmala tasa ce, sai ta tura Ummulkhair da kwanon, ta kau da kai kamar ba ita ba.

Da riɗi ya yi kyau a kakar bara, mijinta Dogo ya saya wa yaron babur don ya riƙa acaɓa. Kullum yana hanyar Gumel, ran Alhamis kuma har Maigatari, ranar kasuwa. Yaro ya iya tuƙi, wannan ba musu. Matsalar ita ce waya. Hannu ɗaya a kan babur, ɗaya a waya, yana tafe yana dariya shi kaɗai. Yelwa ta sha hango shi haka ta ƙofar zaure. Ta gaya wa Dogo, ya ce duk samarin haka suke, kada ta sa wa yaro baki. Sai ta koma wa hanyar da ta saba.

"Ki ce wa yayanki babur ba ya son hannu ɗaya," ta ce wa Ummulkhair.

Yarinya ta kai saƙo tana ƙyalƙyala dariya. Yelwa na bayan katanga tana tankaɗe, ta ji amsarsa sarai.

"In Inna ce ta faɗa, ta faɗa mini da bakinta mana. Ni ko sau ɗaya ne in ji."

Da wasa ya faɗa, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Ta so ta leƙa. Ba ta leƙa ba, ta ci gaba da tankaɗenta.

Wata Alhamis ya fita tun da safe, ko kokon da aka ajiye masa bai taɓa ba, idanunsa jawur. Da hantsi Yelwa ta haɗa wanki. A aljihun wandonsa ta ci karo da fankon ƙwayoyi guda uku, duk an ɓalle an shanye. Ta tsaya tana jujjuya su, sai ga maƙwabciyarta A'i ta shigo aron rariya. A'i na gani ta dafe ƙirji.

"Ina kika samo wannan? Ita ce ƙwayar da yaran acaɓa ke sha wai don kada su gaji. In ta hau musu kai sai su ga titi ya yi faɗi, motar da ke gabansu su ga tana can nesa. Ɗan yayata a Sule Tankarkar ita ta raba shi da ƙafa."

A'i ta karɓi rariyarta ta fita, ta bar Yelwa tsaye da kumfa a hannu. Dogo ya tafi ta'aziyya Gumel, ta kira shi wayarsa a kashe. Ummulkhair tana makaranta. Babu wanda za a aika, yaro kuwa yana can kan titin Maigatari da ƙwaya uku a cikinsa, ranar da manyan motocin shanu ke zirga-zirga. Tsoro ya kama ta.

Yelwa ba ta karatu, amma Ummulkhair ta taɓa nuna mata a wayarta: in kin danna biyu kin riƙe, Yaya ne. Tun ranar ba ta taɓa dannawa ba. Ta shiga ɗaki, ta saki labule, sai ka ce mai shirin sata. Ta goge hannu a zane. Ta danna, ta riƙe.

Ƙara biyu aka ɗauka. Iska ce ta fara cika mata kunne, sannan muryarsa, cike da mamaki.

"Inna?"

Ta tattaro ƙarfinta duka.

"Abdulfatah, ka tsaya."

Hon ɗin babbar mota ya danne maganar. Ta ji wani ƙara mai muni, sai wayar ta mutu. Ta sake dannawa, ta sake, har yatsanta ya yi ciwo.

Kafin la'asar aka kawo shi a bayan a-kori-kura, an rufe shi da tabarma. Aka yi masa sutura, maza suka tafi da shi. Gida ya cika da mata. Ummulkhair ta yi kuka har muryarta ta dishe. Yelwa ta zauna a kan tabarma idonta a bushe, tana amsa gaisuwa, don haka aka san uwar ɗan fari da yi. Ba ta gaya wa kowa ta kira shi ba.

Ran sadakar uku aka ce mata Malam Siddiq na zaure yana son yi mata gaisuwa. Dillalin awaki ne na ƙauyen, shi ne wanda yaron ya goya a babur ranar, Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tsira da karaya a hannu. Ta fito ta durƙusa daga bakin ƙofa. Bayan addu'a ya miƙo mata wayar yaron da hannunsa mai lafiya, fuskarta duk ta tsattsage. Bawan Allah, so yake ya sanyaya mata zuciya, shi ya sa ya ba ta labari.

"Yaronki mai jin magana ne, Yelwa. Tun daga Gagarawa abokansa ke ta kira. Da muka wuce Gumel na yi masa faɗa sosai, ya sa ta a aljihu, ya ce ba zai ƙara ɗauka ba sai mun isa. Ta yi ƙara ya fi sau biyar, bai taɓa ta ba. Can ta sake, ya ɗan zaro ya leƙa, sai ya ce, Baba Siddiq, wannan kam sai na ɗauka, Inna ce. Na ce to ka gangara gefe. Ya ce kafin in tsaya za ta katse, kuma ba za ta sake kira ba. Wallahi yana murmushi ya kai ta kunne. Ban taɓa ganin murna irin wannan a fuskarsa ba."

Yelwa ta juya wayar a hannunta.

"Ya ji abin da na ce masa?"

Malam Siddiq ya sunkuyar da kai. "Ban sani ba. Motar ta riga ta iso."

Ta yi masa godiya, ta miƙe, ta koma cikin mata. Wata tsohuwa daga dangin Dogo ta matsa mata wuri, ta dafa kafaɗarta, ta ɗaga murya don yara mata su ji su koya.

"Kin yi ƙoƙari, 'yar nan. Har yaron nan ya koma ga Ubangijinsa ba a taɓa jin sunansa a bakinki ba."

Yelwa ta damƙe wayar a cikin mayafinta.

"Na faɗa, Gwaggo," ta ce. "Sau ɗaya."