Harshen Aksel

A garin nan namu na bakin teku, inda ruwan sama ba ya neman izinin kowa, ba a yanka curin taba a gidan Lindhardt sai Aksel Thorup ya sha ya ce a yanka. Haka aka gada. Gidan ma ba wani babba ba ne, tsohon gini ne na jan bulo a bayan kasuwar kifi, amma tabar lofen da suke matsewa, wadda suke kira Matuƙi, har a jiragen ruwan wasu ƙasashe ana cigiyarta.

Aksel ne mai haɗi. Shi yake auna ganye mai haske, ya sa baƙi wanda aka ƙyafe da hayaƙin itace, ya barbaɗa ɗan mai yaji, a yayyafa zuma da giyar rake. Daga nan sai aiki ya koma hannun Viggo Brandt, mai matsi, abokinsa tun suna samari. Viggo zai jera ganyen a akwatin ƙarfe, ya murɗa matsi har jijiyar wuyansa ta tashi, kullum da safe ya ƙara murɗawa kaɗan, makonni ana haka. In aka buɗe, sai ka ga curi baƙi-baƙi mai ƙyalli, mai tauri kamar katako.

Ranar buɗewa kowa yakan ajiye aikinsa. A yanko falle guda siriri a miƙa wa Aksel, ya ninke shi, ya cusa a sabon lofe na farin yumɓu, ya kunna, ya sha har ƙasa, ba mai tari. In ta yi, ya ajiye lofen ya ce, "A yanka." In ba ta yi ba, ba ya cewa komai, sai dai ya karya lofen a gefen tebur. Curin da aka karya wa lofe kuwa ba ya ganin gwangwani. Farfasa shi ake yi a zuba cikin tarkacen taba mai arha da ake ƙullawa a takarda.

To, a hunturun da ya wuce mura ta kwantar da Aksel. Ya tashi, amma hancinsa bai tashi tare da shi ba. Gahawa ta zama ruwan zafi kawai. Kifin gishiri a kan baƙin burodi, gishirin yake ji, kifin babu. Ranar da madara ta ƙone masa a kan murhu bai sani ba sai da ya ga hayaƙi, ya zauna a kujera ya yi kuka, shi kaɗai, don matarsa ta daɗe da rasuwa. Bai gaya wa kowa ba. Mutumin da garin duka ya san shi da harshe, in harshen ya mutu, me ya rage a gaishe shi da shi?

Sai ya koma sha da ido. Yakan duba yadda fallen ke lanƙwasa, ya ji ɗumin lofen a tafinsa, ya kalli tokar ko fara ce, ya saci kallon fuskokin masu shaƙar hayaƙin. Aikin Viggo dama ba ya ba da kunya, saboda haka tun daga bazara har ganyen itatuwa ya fara zuba, kalma ɗaya ake ji daga bakinsa: a yanka, a yanka.

Bodil ce ta fara tsokano maganar. Ita ce babba cikin mata masu jera taba a gwangwani, kuma bakinta bai san ranar hutu ba.

"Maigida, bana fa ka yi laushi," ta ce wa Aksel wata rana suna shan gahawa. "Ko dai wata bazawara ce take dafa maka abinci? Yanzu ko takalmin Viggo aka matse, cewa za ka yi a yanka."

"Takalmina ya fi tabar wasu gidajen," in ji Viggo, aka kwashe da dariya.

Wasa ne tsagwaronsa, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Aksel ya yi yaƙe, ya tsargu, musamman da ya hango Uwargida Lindhardt, mai gidan, tsaye a bakin ƙofa ba ta dariya. Ita kuwa watakila haƙori ne yake damunta, wa ya sani. Shi dai tun daga ranar ya ƙudura cewa dole ya karya lofe ko sau ɗaya, don a san harshen yana nan.

Curin da ke cikin matsi a lokacin kuwa shi ne na ƙarshe a hannun Viggo. Kafaɗarsa ta gaji, zai ajiye aiki ya koma wajen 'yarsa a ƙauye. Don a yi masa sallama ta mutunci, aka fito da tsohon ganyen da ya shekara da shekaru a ɗakin ƙasa, wanda ba a da irinsa kuma. Viggo ya riƙa lallaɓa wannan curi, har ranar Lahadi bayan coci sai ya leƙo ya taɓa ƙarfen. Aksel ya gaya wa kansa cewa ba wannan ba, na gaba zai karya wa.

Ranar buɗewa ta zo da yayyafi. Curin ya fito, ɗakin ya yi tsit, Aksel ya ga yadda mutane suka buɗe hanci suna lumshe ido. Aka miƙo masa fallen. Ja ne mai duhu, da ɗigo-ɗigon haske a jikinsa, ya lanƙwasa bai karye ba. Ya cusa a lofe, ashana ta farko ta ɗan kumbura tabar, ta biyu ta kama.

Ya san abin da ya kamata ya ji, ai ya fi kowa sani. Matuƙi ba ta gaggawa. Da fari takan zo da ƙamshin ingirici da ɗan tsami kaɗan, sai ka ce ba za ta yi wani abin kirki ba. In wuta ta kai tsakiya sai zaƙin ya buɗe, irin na busasshen ɓaure, da garɗin ɓawon burodi, hayaƙin ya yi kauri ya yi sanyi, ba ya cizon harshe. Can ƙasa yajin yake jira, ya hau hanci a hankali kamar masoro, baƙin ganyen ya dafa masa baya. Duk wannan yana cikin kansa. A bakinsa kuwa iska ce mai ɗumi, ba komai.

Bai kai rabi ba ya ji ƙarar ƙarfe a bayansa. Ya waiga, sai ya ga har an fara saita wuƙar yanka.

"Ku ɗauko gwangwanaye, 'yan mata," in ji Bodil ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji. "Amsar ai mun haddace ta."

Wani ya yi dariya ta hanci. Uwargida Lindhardt ta dubi agogonta. Aksel ya ji kunnuwansa sun yi zafi, tsoro da fushi suka haɗe masa wuri guda. Ya ja hayaƙin har ƙasa yadda aka saba, ya cire lofen daga bakinsa, ya buga shi a gefen tebur. Ya karye gida biyu, guntun ya gangara ƙarƙashin injin yanka.

Bodil ta rufe baki da hannu, kuma a idonta Aksel ya ga tsohon kwarjininsa ya dawo, abin da yake nema ke nan. Ya samu, bai kuwa ji daɗinsa ba ko kaɗan. Viggo ya tsaya ya dubi curin na ɗan lokaci, sannan ya tuɓe hularsa ya share goshi, ya rungumi abinsa ya kai wajen farfasawa da kansa, don a al'adar gidan mai matsi ne yake kaiwa. Kafin a tashi aiki, an gama cuɗe shi da tarkace.

Da yamma Aksel ya kasa nufar gida. Ya zauna a bencin da ke bakin tashar jiragen kamun kifi, yana kallon ruwa. Nan Viggo ya same shi, ya zauna kusa da shi da nishi, ya zaro tsohon lofensa.

"Gefen da aka datse ne," in ji shi yana cusawa. "Rabon mai matsi, ka sani. Ɗan wannan ya rage."

Ya kunna, ya ja, ya riƙe hayaƙin, ya sake shi a hankali. Iska ta kwaso shi ta watsa wa Aksel a fuska.

"Mutumina, gaya mini tsakani da Allah. Me ka ji a ciki?"

Ga ƙofa a buɗe, in da zai shiga. Aksel ya dubi takalmansa.

"Ɗaci," in ji shi. "A ƙasa. Da ɗan warin danshi."

Viggo ya sake ja, ya tauna hayaƙin, ya ɗaga kai sama yana nema. Ya daɗe yana nema, har goshinsa ya tattare.

"Ban ji ba," ya ce. "Kai, ban ji ba ko ɗis. Ka san me nake ji? Ɓaure. Zuma a bayansa. Ga sanyi, ko ƙaiƙayi babu a maƙogwaro. Da safe da na ɗanɗana, cewa na yi, Viggo, yau ka gama aikinka, tun da kake ba ka taɓa matse irin wannan ba. Har na gaya wa 'yata a waya, ka ji wauta."

"Viggo…"

"A'a, bar lallashi, ba mace kake zance da ita ba." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Shekara nawa muna tare? Ka taɓa kuskure? Ko sau ɗaya? In ni da kai muka saɓa a kan taba, ai an san wanda bakinsa ya lalace. Ashe ba kafaɗar kaɗai ba ce ta tafi. Wa ya san tun yaushe nake cin ruɓaɓɓe ina cewa daɗi."

Muryarsa ta ɗan yi rawa, ya gyara ta da tari. Aksel ya ji kamar ya kama hannun tsohon ya faɗi komai. Sai ya tuna da safiyar gobe, da idon Bodil, da ƙofar gidan jan bulo, ya fasa.

"Gara da kai ne ka kama," in ji Viggo. "Da ta fita da sunana a kai, da na mutu da kunya. Na gode."

Ya juya lofen, ya bubbuga shi a jikin bencin. Tabar, da sauran rabinta bai ci wuta ba, ta zube cikin ruwa.

"Alfarma ɗaya, ɗan'uwa. Maganar bakin nan nawa, ta tsaya tsakaninmu. Bari in bar garin nan ana ganina da sauran mutunci."

Aksel ya gyaɗa kai.

"Ba wanda zai ji," in ji shi.