Biyan da Bai Isa Damagaram Ba

A shekarar Kakalaba, da yunwa ta yi ta kwasar mutane a Matameye, Ummaru masaƙi ya tafi Damagaram a ƙasa ya karɓo gero bashi wurin wani attajiri, Alhaji Idrisa. Geron nan ne ya tsirar da shi da matarsa Shekara da 'yarsu Fadima, da tsohuwarsa da ƙanensa Illa. Aka yanke masa dala arba'in, aka sa gonar gado jingina.

Ummaru gwanin saƙa ne, amma kuɗi ba sa kwana a hannunsa. Saboda haka da abinci ya samu, Shekara ce ta ɗauki nauyin biyan. Ta hana sayen nama sai da Sallah. Ta bar cin goro, ita da a da ba ta iya wuni ba shi. Itace kuwa da kanta take zuwa ta yo, tuwo sau ɗaya a yini, da safe a yi ɗumame. Nono sai na tsohuwa kawai ake saye, sauran gida su sha farau-farau. Tana kaɗi, tana daddawa, zanenta ɗaya har ya koɗe ya koma kalar toka.

Duk ran kasuwa takan haɗa cinikinta da na mijinta, ta canza kuɗin wuri zuwa tamma, kuɗin Nasara, don Bature ba ya karɓar wuri. Mafi yawa na bashi ne. Kaɗan kuma ta jefa a wata 'yar tukunya da ta binne a ɗakinta.

Ummaru bai so haka ba. Ya ce, "Ki zuba duka a bashin mana, mu huta da wuri."

Ta ce, "Maigida, in ciwo ya faɗo, ko gardin Nasara ya zo neman lanho, harajin nan nasu, wurin wa za mu? Wani bashin za mu ɗora a kan wannan?"

Ya ƙyale ta.

Illa ke kai kuɗin. Yana da jaki, yana dakon kaya tsakanin Matameye da Damagaram, don haka duk wata Shekara takan ƙulle dala biyu a tsumma ta ba shi. Yakan karɓa yana tsokanarta, kamar yadda ƙanen miji ke yi. "Matar Yaya, kin rame kamar sillen kara. Ki ci abinci mana!" Ita ma ta yi dariya ta kore shi da muciya. A lissafinta, bayan wata goma sha takwas, dala talatin da shida sun tafi, saura huɗu.

Wata ranar hantsi ayarin Alhaji Idrisa ya yada zango a Matameye kan hanyar Kano, ya biyo ta gidan Ummaru. Shekara ta dama fura, har da nonon da ake saya wa tsohuwa ta zuba don murna, ta kawo bakin zaure. Tana shirin ajiyewa ta ji Alhaji yana cewa, "Ummaru, na yi haƙuri da kai don na san gidanku. Amma dala takwas kaɗai suka iso ni. Fiye da shekara ban ga ko tamma ba."

Ta tsaya riƙe da ƙwarya, tana jiran mijinta ya zabura ya ce ƙarya ne, ya ce a kira Illa. Ummaru kuwa sai ya ce, "Haka ne, Alhaji. A ƙara mini haƙuri."

Alhaji ya ce kwana ashirin zai yi ya dawo daga Kano. In bai tarar da dala goma sha biyar ba, zai karɓi gona.

Da baƙon ya tafi, Ummaru ya shigo ya same ta zaune a gindin turmi, furar tana gabanta ƙuda na bi.

Ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Ya tsuguna nesa da ita. Ya ce lokacin da Nasara ke ɗibar samari soja don yaƙinsu, sunan Illa ya faɗa ciki. Wani na kusa da masu rubuta suna ya ce a kawo dala goma a goge shi. Illa ya bayar da kuɗin bashi na wata biyar. Tsohuwa ta yi ta kuka, ta roƙi Ummaru kada ya faɗa wa kowa.

"Na ce zai cike kafin ki sani."

"Dala goma ke nan. Sauran goma sha takwas fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kana ganina ina ƙulla masa duk wata. Kana zaune a kan tabarmar nan. Ranar da Fadima ta yi kukan ƙosai a kasuwa na hana ta, kana wurin."

"Ɗan'uwana ne, Shekara. Kunya ta hana ni." Sannan ya ce, "Abin da kika ajiye ɗin nan, nawa ya kai?"

Ta dube shi har ya kau da ido. Ta tashi ta fita.

Ta sami Illa a bayan gida yana ba jakuna ƙaiƙayi. A da jakinsa ɗaya ne, yanzu uku, ga riga mai aiki a wuyansa. Ta daɗe tana ganin waɗannan abubuwa, tana ma sa masa albarka wai dako ya karɓe shi.

Ya fara, "Matar Yaya..."

"Kada ka yi mini wasa yau, Illa."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Raina na fansa. Da kin fi so a kai ni inda ba a dawowa?"

"Da kun tambaye ni, da hannuna zan ba ka goman nan, in ƙara da addu'a. Jakunan nan su ma ranka ne?"

Ya ce ai nufinsa ya juya kuɗin, in sun yi riba ya kai wa Alhaji gaba ɗaya. Yana magana yana kallon jakunan.

Tsohuwa kuwa, da Shekara ta durƙusa ta ce, "Inna, har da ke?" sai ta ce, "Tsakanin wa da ƙane ne, 'yar nan. Ba abin da ya fita daga gida."

Shekara ta tone tukunyarta, ta kama hannun Fadima, suka tafi Dungu gidan iyayenta. Kwana goma sha biyu ta yi. Ba wanda ta gaya wa dalili sai mahaifinta, shi ma ya ce in ta ga ba za ta koma ba, ɗakinta na nan. Ta yi ta juya abin a ranta. Gonar nan ita ce ke ci da Fadima, kuma guminta ya riga ya shiga cikinta da yawa. Ta dawo.

Ranar da Alhaji Idrisa ya iso, ta sa aka kira liman. Daga bayan zana ta yi magana. Ta ce dala goma sha ɗaya gare ta, za ta ba da tara, biyu kuwa ba mai taɓa su, na ranar ciwo ne. Cikon shida a ɗauki jakin Illa mafi ƙarfi. Illa ya buɗe baki, liman ya ce masa, "Kai, yi shiru." Ta ce daga yau hannun liman za ta riƙa sa kuɗi, shi ya aika da wanda ya yarda da shi, Alhaji kuma ya aiko da shaida a rubuce.

Alhaji ya dubi Ummaru, ya dubi zanar, ya ce ya yarda.

Sai da ta ƙara wata goma cikin wannan ƙunci kafin ta gama biyan sauran dala goma sha bakwai. Illa bai ƙara ko tamma ba. Kafin kaka ya kwashe jakunansa biyu ya koma Tsauni, yana gaya wa mutane matar wansa ta raba shi da gidan ubansa. Wasu suka yarda.

Bayan an fanshi gona da 'yan kwanaki, Ummaru ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakinta da la'asar tana kaɗi. Ya ce, "Shekara, na cuce ki. Ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na yafe, don Allah ya ce a yafe."

Ya ci gaba da tsayuwa, yana jiran ta ƙara wani abu. Ta murza mazari ta ce, "Matsa kaɗan, Maigida, ka tare mini haske."