Kawunan 'Yan Tangaran

Kwana huɗu Hajiya Wafa tana gargara, rai ya ƙi fita. Zali, mai jinyarta, ta san dalili, ko dai ta ɗauka ta sani.

A ɗakin akwai kabad na gilashi cike da mutum-mutumin tangaran da marigayi maigidan ya riƙa kawowa daga Italiya: 'yan mata masu kwandon furanni, makiyayi da ɗan rago, wata mai rawa da ƙafa ɗaya a sama. Sumul-sumul da su, idanu ƙur a kan gadon. Shekara tara Zali tana goge su tana istigfari. Tun tana yarinya a Maraɗi ta ji cewa mala'ikun rahama ba sa shiga inda siffa take, sai an cire mata kai.

Ita kuwa Zali ko takarda ɗaya ba ta da ita. Umara ta zo yi, ta maƙale. A unguwarsu ta Aziziyya waya ɗaya ta isa a kai ta tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora gida. Kuma Talal, ɗan Hajiya, ya sha faɗa cewa kabad ɗin nan shi ne abin da ya rage masa na ubansa.

Tsoro ya kama ta sosai. Amma ta dubi tsohuwar da ta rufa mata asiri, ta ga yadda ƙirjinta ke dagawa da ƙyar. Bayan azahar ta ɗauko taɓaryar ƙaramin turmi. Ɗaya bayan ɗaya take kwantar da mutum-mutumin a kan tawul tana fille musu kai, ƙas, ƙas, har goma sha ɗaya. Ta jera gangar jikin yadda suke, ta zuba kawunan a faranti.

Kafin la'asar Hajiya ta cika, salin-alin.

Talal ya iso daga Jidda. Ya sumbaci goshin mahaifiyarsa, ya daɗe yana kuka. Da ya ɗago sai idonsa ya faɗa kan kabad, sannan kan farantin.

"Min sawwa haza?" Wa ya yi wannan?

"Ni ce. Don ta samu sauƙin tafiya."

Bai yi tsawa ba, abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Ya murza makullin ƙofar waje, ya sa a aljihu, ya fito da wayarsa. Sai ya kira ta Khala, wato inna, ya yi mata Hausa, wadda bai taɓa yi mata ba.

"Khala, ki gama yi wa Ummi wanka tukuna."