Kotun da Ba a Cewa Lafiya Lau

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya kai ni wajen motata.

Bari in fara da abin da ba mafarki ba. Sunana Rumasa'u, digirina biyu, kuma har wata huɗu da suka wuce ina da ƙaramar mota shuɗiya da nake sana'ar kai yaran mutane makaranta da ita. Biyan kaɗan-kaɗan na saye ta. Na tsallake wata uku, kamfanin ya aiko mutum biyu suka tafi da ita a gaban mai ƙosai. Tun ranar nake yawo da makullinta na biyu a yatsa, duk wanda ya tambaya in ce tana wajen makaniki. Ƙawata Barista Suwaiba ta kawo mini takarda, wai in sa hannu in shaida wa kotu na karye, wataƙila a sassauta mini biya a dawo da ita. Na ce ni? Takardar ta yi mako uku a ƙarƙashin filona.

To, a mafarkin na tsinci kaina a kasuwar dabbobi, sai dai motoci ne ɗaure a turaku, ana zuba musu dusa. Tawa tana can ƙarshe, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Da ta gan ni ta kunna fitila ɗaya, ta kashe.

Mai gadin wurin zabuwa ce, da usur a wuya.

"Hajiya, matsa baya, tana cizo."

"Tawa ce."

"Kowa haka yake cewa. Jiya wani ya rantse tirela ƙanwarsa ce. Ki je Kotun Karyayyu ki kawo shaida. Ki yi sauri, bayan la'asar za a yanka ta."

A garin nan, titi ne yake tafiya, mutane suna tsaye. Na tsaya, kotun ta iso. A ƙofarta wanda ya zo ƙarshe ake fara gani, saboda haka kowa gudu yake yi zuwa bayan layi. Ni da na saba zuwa ta ɗaya tun firamare, na yi kokawa da wata tsohuwa har na zo ta ƙarshe. Na ji daɗi sosai.

Alƙalin tsohon keken ɗinki ne, irin na ƙafa, da tabarau. Magatakardansa ƙadangare, yana gyaɗa kai tun kafin a yi magana.

"Sannu da zuwa, 'yata," in ji alƙali. "Ina gajiya?"

"Ba gajiya, ranka ya daɗe."

"Yaya aiki?"

"Da godiya."

"Mutanen gida fa?"

"Lafiya lau."

"Magatakarda, rubuta. Ba gajiya, da godiya, lafiya lau. Wannan attajira ce. An kori ƙara."

"Ranka ya daɗe, gaisuwa ce fa!"

"A nan gaisuwa rantsuwa ce."

Ya ja bakin mayafina ya ɗinke hukuncin a jiki, tar-tar-tar, da jan zare.

Na koma na sake kayar da tsohuwar. A shiga ta biyu alƙali bai gaishe ni ba, shinkafa da wake yake ci da allurarsa, ƙwaya ɗaya-ɗaya.

"Bismillah, matso."

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Cikina ya yi ƙara har tagogi suka girgiza. Ƙadangare ya ce ba a karɓar shaidar ciki sai ya zo da lauya. Aka rubuta na ƙoshi, aka sake ɗinke ni.

Ina fitowa na ga rana ta sunkuya tana duba agogo. Zabuwa ta taho tana jan motata da igiya, mahauta huɗu a bayanta suna wasa sufana a kan dutse. Ɗaya ya shafa tayar baya ya ce cinyar nan tasa ce. Motar ba ta yi kuka ba. Halina ta ɗauko.

A karo na uku tsohuwar da kanta ta ba ni wuri.

"Ina gajiya?" in ji alƙali.

Bakina ya buɗe da kansa zai ce ba. Na kama shi da hannu biyu, na murɗo shi.

"Akwai."

Ƙadangare ya daina gyaɗa kai, abin da aka ce bai taɓa yi ba.

"Akwai gajiya, ranka ya daɗe! Wata huɗu ina tafiya a ƙasa daga unguwarmu har bakin kasuwa, ina kaɗa makulli kamar na ajiye ta a lungu. Takalmina sau biyar yana zuwa wajen mai gyara. Mayafin nan shi kaɗai ne, da daddare nake wanke shi in goge da asuba. Aiki babu. Gida ba lafiya lau ba. Kuma a miƙo shinkafar nan."

Kowace magana na faɗa sai in ji na rage nauyi. Kafin in gama ƙafafuna sun bar ƙasa, ina cin shinkafa a kusa da fanka, ina dariya.

Sai jakata ta buɗe, wani ɗan gajeren mutum mai tumbi ya fito, duk baƙin mai a jikinsa.

"Ni ne makanikin da ta ƙirƙira," ya ce. "Wata huɗu ina gyaran motar da ban taɓa gani ba. A sallame ni, ina da iyali."

Aka sallame shi da tafi.

"Saura dukiya," in ji alƙali. "Me kika mallaka?"

"Babu."

"A zazzage ta."

Aka zazzage ni, girman kai ya zubo buhu uku, fari tas kamar gishiri. Alƙali ya ce a sayar a rage bashi.

"Duka? Wallahi ba a isa ba. Da shi na yi makaranta."

"Mudu ɗaya za a bar miki."

"Biyu, ranka ya daɗe, da gyara."

"Kai, yarinyar nan! A ba ta."

Na ƙulle mudu biyuna a bakin zani. Ya ɗinka mini NA KARYE a gadon baya da zaren zinariya, ɗinkin ya yi kyau har mata suna tambayar nawa.

Zabuwa ta karanta bayana ta busa usur, mahauta suka mayar da sufana suna tsaki. Na kwance igiya. Motar ta lashi hannuna, na sa makulli ta tashi bugu ɗaya. Muka hau bango, muka bi ta kan rufin gidaje, yaran makaranta suna faɗowa kujerar baya ɗaya bayan ɗaya da kwanukan abincinsu. Na leƙa ta taga ina ihu, "Na karye! Jama'a, na karye!" Mata suna guɗa, maza suna cewa barka, mai ƙosai tana jefo mini ƙosai ina cafewa. Na danna hon, na danna, ya ƙi yin shiru.

Ashe injin markaɗen maƙwabta ne. Gari ya waye, makulli yana hannuna, gwaggona Tasalla, wadda nake zaune a gidanta, tana tsaye a ƙofa da tsintsiya.

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya lau, 'yar boko. Ina gajiya?"

Na ɗaga filo na zaro takardar.

"Akwai ta, Gwaggo. Ara mini biro."