Farar Fitilar da Ta Rage

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Yaya Aina'u, yayar maigidana, saboda haka babu bugun guduma ko ɗaya da ya wuce kunnena tun da aka fara gyaran kicin ɗinta. Ina tsugune a madafata, hayaƙi na cin idona, kunkunniya na zubo min a ka, ina jin ana jera mata tayil. Wadda ta ɗauki nauyin aikin kuwa, ni na haife ta.

'Yar farina ce. Ranar da aka yaye ta Yaya Aina'u ta goya ta ta tafi da ita, tunda Allah bai ba ta haihuwa ba, ni kuma ban hana ba. A wajenmu uwa ba ta nuna son ɗan fari, ba ta ma kama sunansa. Har ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi aure a Rijiyar Zaki, "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita tana ce min Inna, tana ce wa Yaya Aina'u Umma, kuma ina jin bambancin a muryarta.

Kada in yi mata ƙarya, ni ta fara tambaya. Da ƙaramar salla ta leƙo madafata tana tari, ta ce, "Inna, a gyara miki nan?" Na ce, "Me zan yi da shi? Je ki yi wa uwarki." Abin da kowace uwa mai kunya za ta faɗa ke nan, shi kuma ɗa sai ya nace. To amma yarinyar nan tarbiyyar Yaya Aina'u ce, matar da in ta ce a'a, a'a ɗin take nufi. Sai ta ce, "To, Inna," ta juya abinta. Wallahi har da murmushi.

Ran nan da hantsi ta shigo ta ce in zo in taya su zaɓen fitila. Na ce ina da aiki, amma kafin ta kai zaure na riga na yafa mayafina na zuwa biki.

Da na shiga kicin ɗin sai da na haɗiyi yawu. An manna kabad a jikin bango daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ƙarƙashinsu ga teburin siminti mai tayil, inda mutum zai yi yanka da tsinta a tsaye, ba durƙuso ba ciwon baya. Basiru mai haɗa sola ya ce in ƙwan fitila ɗaya aka sa a sama, inuwar mai girki za ta riƙa rufe abin da take yi, shi ya sa ake liƙa fitila a ƙarƙashin kabad. Ya kawo kala biyu, dogaye sirara kamar karan dawa. Ya rufe ƙofa da taga, ya kunna ta farko.

Ruwan ɗorawa ce. Kwanukan samiran Yaya Aina'u suka ɗauki walƙiya, ita kuwa baki har kunne.

"Sa'adiyya, kin ga kayana? Sa'adiyya, zo ki gani!"

Haka take yi da sunan nan, ta faɗa ta maimaita, ko ba dalili. Ni na yi naƙudar, ita take cin sunan.

Basiru ya kunna ta biyu, fara tas. Ban san lokacin da na ɗebi shinkafar gida, 'yar Watari, daga kwano na baza a faifai ba. Tsakuwa da ɓuntu suka fito fili, har wanda idona ya daina gani tun bara.

Na ce, "Wannan ce fitilar aiki. Waccan ta ado ce."

Yaya Aina'u ta ce, "Fadima, farar nan tana soka min ido. Sai ka ce asibiti."

"Ai gara asibiti da a tauna tsakuwa."

Yarinyar nan ta dube ni, ta dubi Yaya Aina'u. Na ƙura mata ido, raina yana cewa yau dai ki bi bayana, ko sau ɗaya. Ta yi dariya ta dafa kafaɗar uwar riƙonta.

"Gaskiyar Inna ce, amma Umma ce mai kicin. Basiru, sa mai ruwan ɗorawar. Farar zan mayar wa mai shago."

Kishi ya taso min. Na fito tsakar gida na tsaya jikin randa, na yi kamar ƙishi nake ji. Ba fitilar ce ta dame ni ba, ko kuwa in ce har da ita. Yarinyar nan ta saka farar a kwalinta, ta saɓa jaka, ta durƙusa ta ce min sai wani satin, ta nufi zaure. Na san in kwalin nan ya fita, ba za ta ƙara tambayata komai ba, don ta yarda ba na so.

Na ce, "Ke!"

Ƙarar na'urar huda bangon Basiru ta haɗiye muryata. Ƙafarta ɗaya ta shiga zaure. Na'urar ta tsaya.

"Sa'adiyya!"

Ta juyo da sauri, amma ba wajena ba. Ƙofar kicin ta kalla, inda Yaya Aina'u take tsaye ta rufe baki da hannu.

"Na'am, Umma?"

Ashe ba ta ma san yadda sunanta yake a bakina ba.

Na ce, "Ba ita ba ce. Ni ce na kira ki. Kada ki mayar da farar."

Ta tsaya tana kallona, kwalin a hannunta. Can ta ce a hankali, "Inna, ai ba ki da kabad ɗin da za a liƙa ta."

Na ce, "To sai ki yi min."