Faifan Malam Abdulmumini

Sumayya na durƙushe a bayan tebur tana bin wayoyi da hannu lokacin da muryar Hajiya Barakatu, shugabar ɗakin awon ciki, ta sake tashi daga baranda.

"Wata uku, Malam. Sunayen mata ɗari biyu da awon jininsu. Aiki ɗaya aka ba ka, ka jona faifai bayan la'asar."

"Wallahi ina jonawa, Hajiya," in ji Malam Abdulmumini, dattijon da ke kula da katin marasa lafiya. "Har sai kwamfuta ta rubuta min an gama nake cirewa."

"To ina suke?"

Jiya wutar lantarki ta dawo da ƙarfi ta ƙona kwamfutar ƙaramin asibitin. Da aka jona faifan ajiya a wata kwamfutar, sai aka ga ba komai a ciki tun watan Sha'aban.

Sumayya ce ke duba kwamfutocin asibitoci huɗu, daga Bebeji har Doguwa, kuma don wannan aka kira ta Tudun Wada da sassafe. Ta buɗe tata kwamfutar, ta nemo rubutun umarnin da ke kwafe bayanai zuwa faifan. Ita ta rubuta shi shekara biyu da suka wuce, lokacin da manhajar asibitin ke zaune kai tsaye a kan injin. A watan Sha'aban kuma ita ta mayar da manhajar cikin kwantena, wato wani keɓaɓɓen ɗaki a cikin kwamfutar, wanda abin da ke ciki ba ya ganin abin da ke waje sai an buɗe masa ƙofa.

Ta karanta layukan sau biyu. Ba ta taɓa koya wa umarnin ya tambayi inda yake ba. Yana cikin kwantena yana zaton yana kan injin gaske. Kullum sai ya nemi faifan ya rasa, ya zuba bayanan a wani lungu na cikin ɗakin nasa, ya rubuta wa Malam an gama. Ranar da ta yi canjin tana sauri ta sami motar Kiru, ta ce za ta gwada daga baya.

Gyaran layi biyar ne. Ta sa umarnin ya fara duba ko a kwantena yake ko a kan inji, in kuma bai ga faifai ba ya ƙi aiki ya yi ƙara. Cikin minti goma ta gama. Duk asibitin babu wanda zai iya karanta abin da ta goge.

Malam Abdulmumini ya shigo da faifan naɗe a cikin tsohon hankici, ya ajiye a gabanta a hankali.

"'Yata, duba min. Ko hannuna ne ke ɓata shi? Hajiya ta ce za ta rubuta a mayar da ni gadin ƙofa."

"Baba, faifan lafiyarsa lau."

"To ni ne ke nan." Ya yi ɗan murmushi. "Tsufa ya zo."

Ta saka kwamfutarta a jaka, ta gyara mayafi, ta fita har bakin ƙofar asibiti. Wani mai babur ya tsaya yana tambayarta ko tasha za ta. Ta dube shi, sannan ta girgiza kai ta koma ciki.

Hajiya na auna wata mata a baranda. Sumayya ta jira ta cire abin awon daga kunne.

"Hajiya, kada ki rubuta takardar nan. Kuskurena ne. Baba bai taɓa fashi ba."

Ta yi bayani da ƙyar, idonta a ƙasa. Hajiya ta saurara har ƙarshe.

"Sunanki zan sa a rahoton, kin sani."

"Na sani."

Malam Abdulmumini na tsaye a bakin ɗakinsa, ya ji komai.

"Wato wata uku ina naɗe faifan da babu komai a ciki, ina kai shi durowa ina kullewa?"

"Eh, Baba. Ka yafe min."

Ya dubi matan da ke jere a kan benci, kowace da katinta a hannu. Ya jawo kujera ta biyu kusa da tasa.

"Zauna. Ni zan karanto daga katinan, ke ki buga a kwamfutarki. Hamdiyya Zakari, kawo katinki."