Cakulan a Cokali

Ranar Alhamis ta Halowin, bikin da yara ke shigar mayu da dodanni suna bin gidaje karɓar alewa, rana ta ƙwalle a birnin Brisbane na Ostareliya, ni kuma na mance cakulan ɗin da yayata Bronwyn ta aike ni saye, ya yini a mota. 'Yarta Matilda ta riga ta cika wa 'yan ajinsu baki cewa su zo gidanmu karɓa.

Ko da na buɗe, ya narke kamar kunu.

"Sannu da ƙoƙari, ƙanina," in ji Bronwyn. "Aike ɗaya tak!"

Matilda ta fara shirin kuka cikin kayanta na mayya. Na matse cakulan ɗin a kwano, na fita ƙofa da cokula.

"Jinin dodo ne!" na ce wa yaran. "Wa zai iya sha?"

Yara suka yi layi, Matilda na rabawa tana taƙama.

Mun yi asarar cokali shida, tawul biyu, da farar rigata.